Wasannin yaƙi na kwamfuta: sarkin yaƙi aka naɗa mu ko sarkin noma?

Barde_Zango:
Assalamu alaikum ƴan gida, ina wuninku. Magana gare ni kan wasannin nan na jan runduna a kwamfuta, su Age of Empires da ƴan uwansa, kuma ina son wanda ya daɗe cikin harkar ya amsa min tsakani da Allah. Ni abin da na lura ba da iya yaƙi ake cin wasan nan ba, da noma ake cin shi. Wanda ya fi ka yawan talakawa masu saran itace da haƙar zinariya shi ke da nasara ko bai san inda ake tsayar da ƴan baka ba, zai yi ta turo maka dakaru kana kashewa yana ƙaro wasu har ka gaji ka sallama. To in haka ne ina jan rundunar? Wane wasa ne cikinsu mutum zai zauna ya ji da gaske dabararsa ce ta ci ba rumbunsa ba?

Kabu_kabu227:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi kawai ake yi a wasan nan

Tsohon_Siber:
Wa alaikumus salam ƙanena. Rabin maganarka gaskiya ce. Age of Empires II tun 1999 ya fito, mu a siber muka san shi lokacin da ake haɗa kwamfutoci da waya a ɗaki ɗaya kowa na jin ihun ɗan uwansa, kuma tun lokacin ginin wasan bai canza ba, abinci, itace, zinariya, dutse. Talaka ɗaya abinci 50 ne, shiga zamani na biyu, wato matakin ci gaba na gaba a wasan, abinci 500, na uku abinci 800 da zinariya 200, shato, wato babban gidan tsaro, kuma dutse 650. In aka ba ka mutum 200 gwanaye sama da ɗari suke sa wa aiki, sauran ne soja. To dole wanda gidansa ya tsaya da ƙafarsa ya fi ƙarfi. Amma abin da ka manta talakawan nan ba su da sulke. Ka aika mahaya huɗu ko biyar tun da wuri su faɗa wa masu saran itacensa, ba sai ka kashe da yawa ba, ka dai hana su aiki minti biyu, shi yana can yana ta fama da suri, wato linzamin kwamfuta, yana neman inda zai ɓoye su kai kuwa naka suna aiki. Wannan ba noma ba ne hari ne, kuma sanin lokacin da za ka kai shi da ta inda za ka ɓullo shi ne jan rundunar.

Ƴar_Garin_Malam:
Ƙari kan maganar yaya Tsohon_Siber, kowane soja da maganinsa. Masu dogon mashi na cin doki, doki na cin ƴan baka, raƙumi kuma shi ne maganin doki. Na sha ganin mai zinariya ya tara dawaki masu tsada ya zo ya zuba su kan masu mashin da ba su ci ko ƙwayar zinariya ba, abinci da itace kawai aka biya. In ba ka aika ɗan leƙen asiri ya gano maka abin da yake ginawa ba to duk arzikinka asara ce.

Barde_Zango:
Na ji ku duka amma wannan ma ai lissafi ne, wannan na cin wannan. Abin da nake nufi sojan Age ba ya tsoro. Ku kashe ɗari ya rage mutum ɗaya zai tsaya yana sara har ya faɗi, ba ya gajiya, ba ya jin ƙishirwa, a kashe shugabansa ko a jikinsa. Wane yaƙi aka taɓa yi haka a duniya?

Abba_Tanout:
To kai Total War kake nema. Ka samu Rome na 2004 ko Medieval II na 2006. Can soja na da zuciya, in ka zagayo da dawaki ka bugi bayansu ko aka kashe janar ɗinsu sai ka ga tuta ta fara ƙyaftawa runduna guda ta juya da gudu alhali rabinsu na da rai. In ka sa su gudu daga nesa sai su iso a gajiye, in suna hawan tudu kai kana sama ka fi su. Ni da mutum kaɗan na taɓa tare bakin gada na hana runduna da ta ninka tawa wucewa, ba gona ba rumbu. A Medieval II har Tumbutu na cikin taswira can ƙasa bayan hamada.

Tsohon_Siber:
Abba Total War rabi da rabi ne fa. Faɗan ne kawai ke gudana kai tsaye, mulkin garuruwa da haraji bi da bi ake yi, ka yi naka ka danna kwamfuta ta yi nata, kana iya tashi ka sha shayi ka dawo. Daɗin Age shi ne komai lokaci guda yake tafiya, ana ƙona maka gida kana gina gona kana kallon gaba.

Abba_Tanout:
Haka ne yaya amma tambayar Barde kan fagen fama ce, kuma a fagen fama babu wanda ya kai shi

Mai_Shayi_Birni:
Ku duka kun manta da Cossacks. Ƴan Yukren ne suka yi shi, yaƙin Turai na ƙarni na 17 da na 18, har Aljeriya da Turkiyya na ciki. Shi ne wasan da ya fi ba ni tsoro domin soja na cin abinci kullum, in rumbu ya ƙare yunwa ta shiga sai ka ga mutanenka suna zubewa ba wanda ya taɓa su. Ƴan bindiga sai da gawayi da ƙarfe suke harbi, in sun ƙare bindigar ta zama sanda. Sojan haya kuma ranar da zinariya ta yanke su juyo kanka. Kuma ana jera su sahu sahu da hafsa da mai ganga, dubbai a fili guda. Barde in ka ce noma ya yi yawa a Age to nan sai ka yi kuka, amma ni a ganina shi ne ya fi kama da gaskiya.

Kabu_kabu227:
Stronghold Crusader fa? ba wanda ya ambace shi. Ni shi ne nawa, ƙasar ma irin tamu ce rairayi da dabino, ba ka noma sai inda ke da ɗanyar ciyawa kusa da ruwa, to kowa wurin yake so sai faɗa ya tashi a kai. In ka tsananta haraji ko ka rage abinci mutane su kwashe kayansu su bar maka garin.

Ƴar_Garin_Malam:
Tsaya, wai cikinku ba wanda ya buga Hausawa a Age of Empires III? A watan Agusta 2021 aka ƙara su tare da Habasha, cikin ƙarin da ake kira The African Royals. Sojan da Hausa suke amsa maka in ka danna su. Akwai ƴan lifidi, akwai maharban Fulani, akwai Maigadi mai bindiga da ake fitarwa daga fada, akwai maroƙi mai kiɗa da ke ƙara wa mutane ƙaimi. Kana kiwon shanu ka kai kasuwar dabbobi ka sayar ka karɓi itace ko kuɗi, kuma in ka bar su suka yi ƙiba sun fi daraja. Ranar da na fara jin talaka ya amsa min da Hausa sai da na kira ƙannena su zo su ji.

Kabu_kabu227:
Da gaske?? Hausa Hausa tamu?

Ƴar_Garin_Malam:
Tamu wallahi. Babban birninsu Kano, shugabarsu Sarauniya Amina.

Ɗan_Mirya:
Nan ne ni kuma na tsaya. Amina ta Zazzau ce kowa ya sani, an ɗauko ta an zaunar a Kano. Na gane sun so su haɗa ƙasar Hausa duka cikin tuta ɗaya amma yaron da bai sani ba zai tashi da cewa Amina sarauniyar Kano ce. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne igwa. Habasha an ba su tasu babbar igwa Sebastopol wadda aka ƙera zamanin sarki Tewodros, mu kuwa sai dai ka tara makin da ake kira tasiri ka sayo igwar Turawa ta hanyar fada, kamar ba a taɓa zuba igwa a ƙasar nan ba. Alhali nan Damagaram zamanin Tanimun an yi.

Barde_Zango:
Mushe kana nan? wannan fagenka ne, ka warware mana

MusheTarihi:
Ina nan ina karanta ku, sai yanzu na gama gyaran takardun yara. Ɗan_Mirya ya yi gaskiya. Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda dogon mulkinsa ya kama daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fataucin hamada daga wajen Tarabulus, kuma a nan garin maƙera suka riƙa zuba igwa ana haɗa albarushi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasashen kudancin hamada na wancan zamani. Da masu wasan sun sa Damagaram ko cikin ƙawayen da ake zaɓa lokacin shiga sabon zamani, kamar yadda suka sa Sangai da Maroko da Yarbawa, da ya dace ƙwarai.

Amma Barde bari in dawo kan tambayarka domin ina ganin ka raba abin da ba ya rabuwa. Kana ganin sarkin noma daban sarkin yaƙi daban. A ƙasar nan yaushe ake fita yaƙi? Sai an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, da rani, domin dakarun su ne manoman, ba mai barin gonarsa da damina. Doki guda kullum sai ya ci hatsi ya sha ruwa, ɗan lifidi kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba sai da masu ɗaukar masa kaya da masu kula da dokin, lifidin nan auduga ce aka cusa aka ɗinke, nauyi gare shi da zafi, ba a sa shi sai an kusa gamuwa. Runduna ba ta bin hanyar da ta ga dama, rijiya take bi, in abokin gaba ya cike rijiyoyi ko ya ƙone rumbuna ya gudu to ka koma gida ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Bindigogin Tanimun ɗin ma da me aka saye su? Da abin da ayari ke kawowa unguwar Zango da harajin ƙasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka wasan da ya tilasta maka ka ciyar da mutane kafin ka yi yaƙi bai yi maka ƙarya ba.

Mai_Shayi_Birni:
Allah ya ƙara sani mushe. Abin da nake faɗa kan Cossacks ke nan

Barde_Zango:
Mushe na yarda da kai kan guzuri da rijiya amma ka ba ni dama in ja kaɗan. In mai rumbu ne kullum ke ci, me ya faru a Tondibi a 1591? Sangai ce mai zinariya mai yawan jama'a tana gida, sojan Maroko ƴan dubbai ne suka ƙetaro hamada a wahale ƙarƙashin Judar Pasha. Askiya Ishaƙ ya koro musu garken shanu don su tattake sahunsu, ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su. A Age da Sangai ta ci wannan yaƙi domin za ta yi ta fitar da sabbin soja daga bariki. A duniya kuwa rana ɗaya ta isa daula ta karye.

MusheTarihi:
Wannan hujja ce mai ƙarfi ƙanena, kuma ga wata irinta kusa da mu. Tabkin Kwatto a 1804, Yunfa sarkin Gobir ne ke da dawaki da lifidi da kayan yaƙi, jama'ar Shehu mafi yawansu ƴan baka ne a ƙasa dawakinsu kaɗan, Abdullahi ɗan Fodiyo na jan su, kuma su suka ci. To amma ka duba abin da ya biyo baya, Alƙalawa babban birnin Gobir ba ta faɗi ba sai 1808, shekara huɗu ana fama da yunwa da neman inda za a samu hatsi da makiyaya. Gamuwa ɗaya dabara da zuciya ke cin ta, dogon yaƙi kuwa sai mai abinci. Total War ya kama na farko, Age da Cossacks sun kama na biyu.

Bakatsine_Maradi:
Tunda kun kawo zancen ga bari in sa baki. Cikin wasan nan na Age III akwai wani yaƙi da sunka sa ma suna faɗuwar Hausa, kan jihadi. Ni sunan ne ban so ba. Wa ya ce musu Hausa ta faɗi? Katsinawan da sunka ƙi miƙa wuya nan Maraɗi sunka kafa gari, Gobirawa sunka zamna Tsibiri, kuma sunka ci gaba da kai hari shekara da shekaru har zuwan Nasara. Sarautun ga har yau suna nan. Wanda ya buga wasan ya ɗauka daga 1808 an shafe kowa.

Ɗan_Mirya:
Gaskiya ne, kuma Damagaram ma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, da Barno take. Sarakunan Daura na Haɓe ma da aka kora nan wajenmu suka samu mafaka. Sarkin Damagaram Kuran Daga har ƙasar Kano ya kai yaƙi zamanin sarki Alu.

Abba_Tanout:
To in haka ne ma Ɗan_Mirya ai gidan sarautar Damagaram asalinsu Barebari ne, ka ga wataƙila shi ya sa ba a sa su cikin Hausa ba. Kamata ya yi a yi Barno daban da Idris Alauma da ƴan bindigarsa da Turkawa suka horar, sai Damagaram ta fito ciki.

Ɗan_Mirya:
Asali daban, harshen gari da jama'ar gari daban. Je ka Birni ka ji da wane harshe ake gaida sarki

Admin_Fada:
Jama'a a yi hattara, zancen wasa muke kada ya koma na ƙabila ko na wa ya fi wa. Duk kakanninmu ne, Allah ya jiƙansu. A ci gaba cikin mutunci.

Bakatsine_Maradi:
Amin. Ba faɗa ba ne ranka ya daɗe, gyara ne

Sabon_Shiga:
Salam yayyena ku yi haƙuri in katse ku. Ni duk wasannin nan ban taɓa bugawa ba sai na waya irin wanda kake gina gari ka jira awa takwas ko ka biya kuɗi. Ina da tsohuwar kwamfuta ta hannu da yayana ya bar min ram ɗinta 4 ne, wanne za ta iya ɗauka? kuma sai da koneksiyon ake yi?

Tsohon_Siber:
Ƙanena waɗancan na waya ba irinsu ba ne, can mai kuɗi ke ci, nan kuwa kowa da talakawa kaɗan yake farawa ba abin da za ka saya ka fi wani. Injinka zai ɗauki Age II na da, da Stronghold Crusader na 2002, da Cossacks na farko, da Rome, ba wahala. Sabon Age II da aka gyara a 2019 da Age III na 2020 su ne masu nauyi, saukar da su kaɗai zai cinye maka forfe, sai ka nemi inda ke da wifi. In kana wasa da kwamfuta ba ka buƙatar rezo ko kaɗan, in ku biyu ne a ɗaki waya ɗaya ta isa ta haɗa ku. Shawara ɗaya, lokacin zafin nan na Afrilu da Mayu kada ka ɗora ta kan katifa ko tabarma, ka sa mata wani abu ta ɗaga iska na shiga ta ƙasa, kuma ka kai a hure mata ƙura daga fanka, yawancin injin da ke mutuwa tsakiyar wasa ƙura ce ta toshe su.

Ƴar_Garin_Malam:
Akwai kuma 0 A.D. kyauta ne gaba ɗaya halal ba sata ba, masu sa kai ne ke yin shi, yana tafiya har kan Linux. Zamanin Rumawa da Kartaj ne kuma akwai Kush ta ƙasar Sudan ciki. Ka riƙa ajiye wasanka akai akai saboda ɗaukewar wuta in batirinka ya mutu.

Abba_Tanout:
Rome da Medieval II suna kan Android ma yanzu, na saye ne amma, kuma suna son waya mai ƙarfi. Jan runduna da yatsa ba kamar suri ba amma ana yi

Inna_Sabon_Gari:
Salamu alaikum ƴaƴana. Ni ba mai wasa ba ce, ɗana ne ya sa ni cikin gurup ɗin nan tun tuni kuma yau na ga kuna zancen abin da ke damuna. Bana zai yi BEPC, amma in ya zauna gaban abin nan na dawaki da ganuwa sai in yi ta kira bai ji, wani lokaci har sallar isha ta wuce sai babansa ya yi magana. In na yi faɗa ya ce min tarihi yake koyo. Mushe don Allah gaskiya ne ko wayo yake min?

MusheTarihi:
Wa alaikumus salam Inna. Akwai gaskiya ciki amma ba ta kai ya bar karatu ba. Ina da ɗalibai da suka fara jin sunan Sunjata da Tariƙ bin Ziyad da Salahuddin daga wasan nan, suka zo aji suna tambaya, kuma karanta labarin da Faransanci na ƙara musu kalmomi. Amma wasa ba littafi ba ne, suna cakuɗa abubuwa don daɗi. Misali a Age II an ba Mali mata mayaƙa masu jifa da wuƙa da ake kira Gbeto, alhali waɗannan na Dahomey ne, ƙasa daban zamani daban. In ya rubuta haka a jarrabawa sifiri zai samu. Abin da zan ce, kada ki hana shi gaba ɗaya don zai je ya yi a ɓoye. Wasa guda da wuya ya wuce awa ɗaya, kuma in da kwamfuta yake yi ana iya tsayar da shi a ajiye a dawo, saboda haka in ya ce miki ba a iya tsayawa don salla kada ki yarda. A bar masa Asabar da Lahadi bayan ya gama aikin lakkal, sauran sai bakans.

Inna_Sabon_Gari:
Na gode mushe Allah ya yi albarka. Ashe ana tsayar da shi

Mai_Shayi_Birni:
Ana yi Inna, maɓalli ɗaya ne

Barde_Zango:
Mushe ina ta juya maganarka ta gamuwa ɗaya da dogon yaƙi. To Tirmini fa, gamuwar Damagaram da sojan Faransa, a ina za mu sa ta? Ƙarshen Yuli 1899, Kuran Daga na gida, yana da ganuwa yana da dawaki yana da rumbu yana da jama'a, waɗanda suka zo ragowar ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ne da suka riga suka kashe shugabanninsu a hanya. Ba noma ya ci ba kuma ba zan ce dabara ce ta ci ba.

MusheTarihi:
Wannan ita ce ta uku da ba mu ambata ba, tazarar makami. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki kafin ka sake harbi mai bindigar harsashi ya harba sau da yawa kuma daga nesa da inda taka ke kaiwa, doki ba ya isa sahun. Wasannin nan duka suna daidaita ɓangarori da gangan don kowa ya samu damar ci, in ba haka ba wa zai zaɓi mai rauni. Tarihi bai daidaita kowa ba. Shi ya sa nake ce wa yara su buga Hausa su ci Ingila da Faransa a wasa su ji daɗi, amma su zo mu zauna mu karanta dalilin da ya sa a 1899 ba haka ta kasance ba.

Ɗan_Mirya:
Amma Habasha sun ci Italiya a Adwa a 1896, shekara uku kacal kafin Tirmini

MusheTarihi:
Sun ci, domin Menelik ya daɗe yana sayen bindigogin zamani da harsashi, kuma ya tara runduna da ta ninka ta Italiya nesa ba kusa ba ya iya kai ta fagen. Ka ga nan makami da yawa da guzuri duk sun haɗu.

Tsohon_Siber:
Wannan ma yana cikin Age ai in kun lura. Wanda ya riga ka shiga zamani na gaba ya ƙera makamin da ba ka da shi, masu takobinka na zamani na biyu ba abin da za su yi wa dokin zamani na uku. Kuma me ke kai ka zamani na gaba da wuri? abinci 800 zinariya 200. Mun dawo gona Barde.

Barde_Zango:
Mun dawo amma ban sauka daga kan maganata ba yaya. Har yanzu sojan da ba ya tsoro ba soja ba ne a wurina. Zan nemi Medieval II in gwada abin da Abba ya faɗa, in na ga runduna ta watse don an kashe janar to nan zan zauna.

Ƴar_Garin_Malam:
Ka gwada amma kada ka yanke wa Age hukunci da wasa da kwamfuta kawai, ita ba ta da wayo, yawa kawai ta sani shi ya sa kake ganin noma ne. Ka zauna da mutum mai rai wanda zai nuna maka dawaki ta gabas ya ɓullo da ƴan baka ta yamma, ko ya gina maka hasumiya bayan wurin zinariyarka ba ka sani ba. Tsoron da kake nema a jikin soja a jikinka za ka ji shi.

Kabu_kabu227:
To a haɗa mana. Asabar bayan la'asar a fadarmu, akwai sola ba ruwanmu da wuta, kowa ya zo da injinsa da sharjo. Biyu biyu, Barde da Abba gefe guda, yaya Tsohon_Siber da Ƴar_Garin_Malam in za ta samu zuwa da ƙannenta gefe guda

Mai_Shayi_Birni:
Shayi a kaina. Amma a saka Cossacks ko zagaye ɗaya ne

Tsohon_Siber:
Zan zo da wayar haɗi da suwic. A tabbata kowa irin Age ɗaya gare shi, na da da sabo ba sa haɗuwa. Taswirar Arabiya za mu buga ba mai daji ba, kada wani ya toshe hanya da ganuwa ya zauna yana noma har magariba.

Sabon_Shiga:
Ni ma zan iya zuwa in kalla? ban iya ba tukuna

Kabu_kabu227:
Zo mana ƙanena, ka taho da injin naka a duba maka fankar gaba ɗaya

Ɗan_Mirya:
Ni ina Mirya ranar akwai suna a gidanmu. Mushe in ka samu lokaci ka buɗe mana wani zaren daban kan ganuwar Birni da ƙofofinta, akwai abin da nake son tambaya kan inda maƙeran igwar suka zauna